Taransifomar da Yaya Haladu Ya Kai Gona

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai Yaya Haladu makwancinsa, a maƙabartar da ke arewacin garinmu, can tsakanin Rano da Kibiya. Duk shekara idan kaka ta zagayo nakan tara iyali mu yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa. Bana abin bai tsaya mini a nan ba. Akwai wata takarda da na yi kwana tara ina yawo da ita a aljihu, ana jiran in sa mata hannu, kuma duk sanda na taɓa ta shi nake tunawa.

Takardar ta gona ce. Ƙungiyar samarin garinmu da wasu masu haɗa wutar sola suna son in ba da aron abin da ya rage mini na gonar mahaifinmu, a shimfiɗa farantan sola a kai, gari ya samu wuta. Aro ne na shekaru masu yawa, wanda ni dai ba zan ga ƙarshensa ba. Babban ɗana Auwalu ya yi tsalle ya dire ya ce bai yarda ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta wane ne Yaya Haladu, ko na san abin da ya kamata in yi.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara bakwai. Ni malamin firamare na zama, shi kuwa ma'aikacin lantarki. Ya yi shekaru yana hawa falwaya tun daga cikin Rano har Rurum, har Durba da sauran ƙauyukan Kibiya, da wani tsohon babur da ake jin ƙararsa tun kafin a hango shi. Kullum akwai filaya a aljihun rigarsa, ko da Idi za shi. Matarsa ta gaji da ɗinke aljihun, ta ƙyale shi.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa aka daɗe ana yi masa dariya. Ba a ɗaurin aure a yankinmu ya ƙi zuwa, an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Da an shafa fatiha, mutane suna rububin goro da alewa, shi sai ya kama hannun ango ya ja shi gefe. Ba nasiha zai yi masa ba. Tambaya ɗaya ce: "To ango, a ina za ka yi naka ginin?" In an yi suna ma haka, sai ka ji yana ce wa uban jariri, "Allah ya raya. Wannan nan da shekara ashirin gida ne guda, da fanka da rediyo." Abokan wasanmu suka sa masa suna Mai Ƙidayar Angwaye. Ko a jikinsa. Yakan ce su a wajen aiki ana auna wutar da ake sha yau, to wa zai auna ta waɗanda aka ɗaura wa aure jiya?

A lokacin ni ma ina cikin masu dariya. Ina ganin surutu ne kawai na mutumin da rana ta daɗe tana dukan kansa a saman falwaya.

Ana nan sai rabonmu ya zo, aka ce za a kawo wa garinmu taransifoma. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai san girman wannan labari ba. Mu kuwa muna da al'adarmu: duk wani alheri da ya shigo gari, a ƙofar gidan Mai Unguwa ake sauke shi. Da aka zo haƙa famfon tuƙa-tuƙa, nan aka haƙa. Masu allurar rigakafi nan suke ajiye akwatinsu. Baƙo in ya zo, nan zai kwana. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara haka, girmamawa ce da muka taso muka tarar. Don haka ba a ma yi shawara ba. Magina suka fito, aka yi aikin gayya, cikin kwana biyu aka gina dakalin siminti mai kyau a ƙofar gidan Mai Unguwa, inda za a ɗora ta. Har farar ƙasa aka shafa masa.

Yaya Haladu yana can wajen aiki a Rano duk wannan bidiri. Ranar da ya dawo, bayan la'asar ne, dattawa suna zaune a kan tabarmi suna yaba dakalin. Ya kashe babur, ya gaisa da kowa, ya zagaya dakalin sau biyu. Sannan ya durƙusa gaban Mai Unguwa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ita wannan aba ba baƙuwa ba ce da za a sauke a gidan babba. Wuta gajiya take yi a hanya. In ta yi nisa da uwarta, ƙwan fitila sai ya yi ja kamar garwashi, injin niƙa ba zai tashi ba."

Wani dattijo ya ce, "To ai nan ne tsakiyar gari, Haladu."

"Tsakiyar garin yau, Baba. Ku duba mana. Yamma dutse ya tare mu. Kudu fadama ce. Arewa iyayenmu ne kwance. Duk angon da na tambaya cikin shekarun nan, gabas yake nuna mini, wajen titi. Can garin zai tafi, ko mun so ko mun ƙi."

Sai wani ya ce, "Gabas ai dawa ce. Dawa za ka haska wa?" Wuri ya kaure da dariya. Da ta lafa, aka tambaye shi to a filin wa za a kafa ta, tunda ba wanda zai ba da gonarsa a dasa masa ƙarfe. Yaya Haladu ya ce, "A gonarmu." Ina zaune a gefensa, tazararmu ba ta kai taku uku ba, amma ko kallona bai yi ba.

Har yau in na tuna amsar Mai Unguwa sai in ji girmansa ya ƙaru a idona, Allah ya ji ƙansa. Ya daɗe yana kallon dakalin nan. Sannan ya ce, "Haladu, in don jikokina ne, ɗauke ta ka kai inda ka ga dama. Dakalin dai ku bar mini, na samu wurin shan iska." A kansa ya riƙa zama kuwa har ƙarshen ransa.

Mai Unguwa ya haƙura da girmansa cikin minti biyar. Ni na kasa haƙura da gona cikin shekara guda. Gonar nan gado ce, tun rasuwar mahaifinmu ba mu raba ta ba, tare muke nomawa, rumbu ɗaya muke zubawa. Yaya ya ce kusurwa kawai za a ɗiba, kuma daga kasonsa. Na ce ina kasonka yake, tunda ba a raba ba? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗorawa. Akwai wata babbar ɗorawa a bakin gonar, a inuwarta mahaifinmu yake hutawa, da kalwarta mahaifiyarmu take mana daddawa. Babbar waya ta nan za ta bi, dole a sare ta. Ranar da aka sa mata gatari ban je ba. Daga cikin aji nake jin saran, na kasa koyar da komai.

Washegari na je na ce a raba gado. Duk wanda ya san ƙauye ya san nauyin wannan magana tsakanin wa da ƙani. Dattawa suka ba ni baki, na ƙi ji. Aka zo da igiya aka auna, ya ɗauki ɓangaren da ke bakin titi inda za a kafa taransifomar, na ɗauki na ciki. Don kada a yi shakka, na bi iyakar na dasa bini-da-zugu tun daga farko har ƙarshe. Shekara guda ba abin da ke haɗa mu sai "ina kwana" da "lafiya lau". Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Matanmu ne kawai ba su shiga rigimar ba, kwanon tuwo bai daina tsallaka katanga ba.

Kuma a farkon lamarin, wallahi kamar ni ne mai gaskiya. Ga taransifoma can tsaye ita kaɗai a tsakiyar dawa, tana gurnani, ba gida ko ɗaya kusa da ita. Tsuntsaye suka samu wurin zama. Fulanin rugar da ke bayanmu suka mai da ita alamar hanya, ka ji suna cewa a haɗu wajen ƙarfen Haladu. 'Yan gari kuma suka sa mata Amaryar Gona. Duk wanda ya faɗa, ni nake fin kowa ƙyaƙyatawa, da ƙarfi, yadda za a kai masa labari.

Yadda muka shirya ba wani abin a zo a gani ba ne. Wata Juma'a da hantsi na ji ƙarar babur ɗin nan a ƙofar gidana. Na fito na tarar yana sauke naɗin waya da tsani. Duk garin an ja wa kowa wuta, ni kaɗai na ƙi nema, don kada a ce na sha daga abin da na zaga. Bai ce mini komai ba sai, "Malam, riƙe min tsanin nan." Na riƙe. Ya hau, ya yi aikinsa, ya sauko, ya sha ruwa, muka tafi masallaci tare. Ba wanda ya ambaci gona, ba wanda ya ambaci ɗorawa.

Daga nan abin da ya faɗa ya fara fitowa a hankali. Mai injin niƙa ne ya fara komawa gabas, don ya lura can wuta ta fi ƙarfi. Mai walda ya bi shi. Sai angwayen nan, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya je ya zuba bulo daidai inda ya taɓa nuna wa Yaya da yatsa. Yau in ka sauka daga mota a garinmu, a gindin taransifomar nan za a ajiye ka. Kemis yana nan, masu cajin waya suna nan, injin casar shinkafa yana nan, sabon masallacin Juma'a yana nan. Yaran da aka haifa a unguwar ba su san an taɓa noma dawa a wurin ba. Akwai wani gari kusa da mu, ba zan kama suna ba, da suka bi al'ada suka kafa tasu a ƙofar babba. Har yau 'yan sabuwar unguwarsu wurinmu suke kawo niƙa.

Duk wannan ya faru yana raye, ya gani da idonsa. Bai taɓa ce mini "ka gani ko?" ba. Ni kuma ban taɓa ce masa "Yaya, kai ne da gaskiya" ba. Da ya kwanta ciwon ajali na yi wata biyu ina zuwa kullum in zauna a gefensa. Mun yi hirar damina, mun yi hirar taki, mun yi hirar mutanen da. Sau da yawa maganar tana zuwa mini har baki, sai in ce bari sai gobe, in ya ɗan ji sauƙi. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu, kuma ba na jin zai daina.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau, me zai ce? Na san da farko zai yi murmushi, don garin ya tafi inda ya ce. Amma murmushin ba zai daɗe ba. Taransifomarsa tana nan lafiya, sai dai takan yi kwana da kwanaki shiru, ba abin da ke shigo mata. Mu ji a rediyo an ce babban layin wutar ƙasa ya sake faɗuwa, an ce iskar gas ba ta isa tashoshi ba, an ce ruwa ya ja baya a madatsa. Mai walda ya zauna yana kallon ƙofar da ya kasa gamawa. Mai casar shinkafa ya tayar da janareta, man ya cinye ribar. Wannan ma ya hango shi. A shekarunsa na ƙarshe yakan ce, "Muna ta ja wa mutane waya, amma can inda ake dafa wutar ba a ƙara tukunya ba. Hannu yana ƙaruwa, tuwon yana nan yadda yake." In muka bi ta wajen Rurum ya hango ruwan Tiga shimfiɗe, ko ya ɗaga kai ya dubi ranar da ke gasa mu, sai ya girgiza kai ya ce Allah ya gama ba mu komai, saura namu.

Na tabbata zai ji daɗin wasu abubuwan. Zai tsaya ya daɗe yana kallon manoman rani da suka ajiye injin fetur suka koma ban-ruwa da sola. Zai yi dariya in ya ga matan rugar nan, waɗanda suka mai da ƙarfensa alamar hanya, yau suna sanyaya nono a firji. Amma na san inda zai tsuke fuska. Zai ce wannan wuta ce ta kowa tasa: mai hali ya ɗora faranti a rufinsa ya rufe ƙofa, maƙwabcinsa yana cikin duhu. Zai ce farantin rufin ɗaki ba zai juya injin casa ba, balle masana'antar da za ta ɗauki samarinmu aiki su daina tafiya birni. Sannan zai koma kan tambayarsa. Ƙasar nan duk Juma'a da Asabar aure ake ɗaurawa, daga nan har bakin teku. Yanzu ango ba fanka da rediyo kawai yake so ba, akwai firji, akwai waya a hannun kowa, har babura masu caji sun fara shigowa. Waye a can sama yake jan angwayen nan gefe yana tambayarsu inda za su yi gini? Ni dai ban sani ba. Ina fata akwai.

Watan jiya masu solar nan suka zo duba gari. Shugabarsu wata injiniya ce 'yar Kibiya, sa'ar 'yata ta biyu. Ta yini tana bin layi da ƙafa, tana ɗaga kai tana duba falwaya, tana rubutu. Da yamma ta zo inda muke zaune ta ce, "Baba, wane injiniya ne ya tsara muku layin nan? Garuruwa da yawa sai mun tumɓuke komai mun sake. Nan kuwa uwar tana tsakiya, waya mai kauri ce, ko'ina ta kai daidai. Kamar an san za mu zo."

Na ce, "'Yata, wana ne. Aji bakwai ya gama."

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Ya sauƙaƙa mana rabin aiki."

Na amsa da amin, na juya kai gefe kamar wani abu ya faɗa mini a ido. Shekarata talatin da biyar ina koyarwa, ɗalibaina sun zama manya a wurare da dama, amma ban taɓa jin alfahari irin na wannan yammacin ba.

Sai dai yabon nan da ƙaya a cikinsa. Tunda duk wayoyin gari daga gindin taransifomar suka tashi, dole farantan su zauna kusa da ita. Ɓangaren Yaya ya daɗe da zama gidaje da shaguna. Fili ɗaya ne ya rage a wajen wanda ba a gina ba: nawa, wanda na kewaye da bini-da-zugu don fushi. Taurin kaina ne ya adana shi shekara da shekaru, ga shi yau an zo nema.

Auwalu ba mahaukaci ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Ya ce wannan ce ƙasa ta ƙarshe da ta rage mana daga kakansa. Ya ce yana da 'ya'ya maza huɗu, a ina za su yi gini? Ya ce dawar da muke ci daga nan take fitowa, faranti kuwa ba a tuƙa tuwo da shi. Duk gaskiya ne. Ina sauraronsa ina jin muryata ta wancan lokaci, har yadda yake buga hannu a cinya irin nawa ne.

Abu ɗaya ne har gobe nake ganin Yaya bai kyauta ba: da ya yi kyauta da gonarmu a gaban jama'a kafin ya tambaye ni. Mutum ne mai hangen shekara ashirin, amma wani lokaci ba ya ganin wanda ke zaune kusa da shi. Wannan ban gada ba. Kwana tara na yi ina zama da Auwalu, na kira ƙannensa, na ji ta bakin kowa, na nuna musu gonar da na saya a fadama, wadda za ta riƙe mu. Wasu sun yarda. Shi bai yarda ba.

In aka tambaye ni abin da Yaya Haladu ya bari, ba zan ce taransifoma ba. Ƙarfe ne, wata rana za ta ƙone a kawo wata. Bai bar gidan bene ba, bai bar suna a jikin wani allo ba, yawancin masu shan wutar nan ba su san shi ba. Abin da ya bari shi ne gari guda da ya koyi lissafa waɗanda ba su zo ba tukuna. Samarin da suka kawo mini takardar nan 'ya'yan angwayen nan ne da ya riƙa ja gefe. Da suka zo, ba su ce mini wuta ta yi musu kaɗan yau ba. Cewa suka yi nan da shekara goma garin zai ninka, kuma ba sa son ya same su a zaune.

Nan na ajiye alƙalami jiya da dare. Yau da hantsi na sa hannu. Na dawo gida na tarar da Auwalu a zaure, ya riga ya ji. Ya gaishe ni a taƙaice, idonsa a ƙasa, ya miƙe zai fita. Na ce ya dawo ya zauna.

Na ce, "Auwalu, ka yi fushinka, ba zan hana ka ba. Wataƙila ma kai ne da gaskiya, in haka ta tabbata ni zan zo har ɗakinka in faɗa maka. Amma in ka wayi gari ka ga ni ne da ita, don Allah kada ka ce sai gobe. Ka zo ka gaya mini tun ina ji."